Mu da muke kwana a gona saboda giwa

Baban Khalifa, ƙasar Duguri:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutuna, abin ne ya cika mini ciki. Daren Talata giwaye suka shiga gonata ta bakin rafi. Masara ce ta yi goyo, gemu ya fara bushewa, saura bai fi mako uku a karya ta ba. Ni da ƙanena muna kan dandamalin da muka ɗaura a tsamiya, wajen ƙarfe biyun dare sai na ji kara yana karyewa ƙas, ƙas. Wanda bai zauna kusa da giwa ba ba zai yarda ba, amma ba a jin takunta. Duk girman nan nata, sai ta iso gindin bishiyar da kake kai ba ka sani ba, sai dai warinta ya buge ka, ko ka ji gurnanin nan nata mai kama da daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Na haska tocila na ƙirga tara, biyu 'yan ƙanana. Muka kaɗa gwangwani, muka yi ihu har murya ta dishe, muka cinna wa damin ciyawa wuta. Uwar garken ta ɗaga hanci sama, ta baza kunnuwa, ta tsaya tsakaninmu da 'ya'yan, sauran suka ci gaba da ci. Ba su fita ba sai gab da kiran assalatu.

Da gari ya waye na zaga gonar. Abin da suka tattake ya ninka abin da suka ci. Inda na sa ran buhu 30, in na tsinci 5 na gode wa Allah. Takin da na zuba bashi ne, mai shi kuma yana jiran kaka.

Kada wani ya ɗauka na zo neman a kashe su ne. A bakin dajin nan na Yankari aka binne cibiyata. Tun ban isa riƙe fartanya ba mahaifina yake tsugunar da ni a kan sawu yana koya mini: wannan na gwanki ne, wannan ɓauna ce, wannan toron giwa ne shi kaɗai ya wuce jiya da yamma, dubi kashin bai bushe ba. Ranar da aka ce babu sauran giwa a Yankari, ni ma na yi rashi. Tambayata ita ce, duk wanda ya ambaci Bauchi sai ya ambaci Yankari, kowa yana alfahari da giwayen nan, to me ya sa abincinsu yake fitowa daga rumbun talakan bakin daji shi kaɗai? Daga Agusta zuwa ƙarshen Oktoba ba ma kwana a ɗakunanmu. Wa ya san da wannan?

Maman Ummi, Alkaleri:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu Baban Khalifa. Allah ya mayar maka da mafi alheri, mun gode Allah da ya tsaya a kan masara.

Hamma na Hinna:
Allah ya sa iyakar wahalar ke nan. Ina tafe da tawa maganar, bari in dawo daga fadama.

Abba, cikin garin Bauchi:
Baba, ina taya ka jaje, amma a bar ni in faɗi abin da na fahimta. Tun 1956 aka keɓe dajin nan, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Dabbobin ba su ƙara masa ko taku ɗaya ba, mu ne muke ta matsowa. Na bi hanyar Dindima zuwa Mainamaji bara, gonaki ne har bakin ƙofa. In mutum ya shuka masara a hanyar da giwa take bi tun zamanin kakanninta, anya za a ce ita ta shigo masa? Ina ganin mafita a ja da baya daga bakin iyaka.

Baban Khalifa:
Abba ɗana, ban ji haushin maganarka ba, da yawa haka suke gani daga nesa. Amma gonar da nake magana kakana ne ya sare ta, kuma ya rasu kafin a zo da maganar gandu. Kukar da ya bari a tsakiyarta tana nan, mutum uku ba sa zagaye ta da hannu. Ko cikin dajin kansa ka shiga, za a nuna maka rijiyoyin Dukkey da kogwannin da aka fafe a jikin dutse da tsofaffin wuraren narka tama. Ba biri ne ya yi su ba. Mutum da dabba sun daɗe tare a wurin nan.

Na yarda mun yi yawa. Gonar da mutum ɗaya ya noma yau jikoki goma sha suke rabawa, kowa yana ƙara sara. Amma ka ce a ja da baya, zuwa ina? Bayana gonar wani ce, bayan tasa ta wani ce, har bakin kwalta. Kuma ka sani dajin ba shi da shinge. Da rani giwaye suna can kusa da kogin Gaji saboda ruwa, shi ya sa masu yawon buɗe ido suke zuwa a lokacin. Da ruwa ya sauka ko'ina ya zama mashaya, sai su bazu, kuma daidai lokacin ne amfaninmu yake nuna.

Ɗan Maharba:
Ni fa ba na son kwana-kwana. A zamanin iyayenmu in dabba ta addabi gari, Sarkin Baka ake kira, a kayar da ɗaya, sauran su shekara ba su dawo ba, gari kuma ya ci nama. Yanzu an ɗaure mana hannu, ran dabba ya fi na mutum. Wanda giwa ta taka a gona wa ya biya iyalinsa? A ba mu izini kawai.

Baffa, tsohon ma'aikacin gandun daji:
Ɗan Maharba, na san zafin rai ne ya sa ka faɗi haka, kuma mahaifinka ma in yana raye zai gaya maka abin da zan faɗa. Na yi aiki a dajin nan lokacin yana hannun gwamnatin tarayya, wadda ta karɓe shi a 1991, na kuma ga dawowarsa hannun jiha a 2006. A shekarar nan ta 2006 an yi ƙidaya ta jirgin sama, aka samu giwaye kusan 350. Yau masu lura da su suna maganar tsakanin 100 da 150. Ba ƙaura suka yi ba. Masu neman haure ne suka ci su, shekara bayan shekara, duk da an hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989. Na tsaya a kan gawar giwa an sassare mata fuska da gatari, ɗanta yana zagaya ta. Abokan aikinmu sun rasa rayukansu a hannun mafarauta, wasu mun ɗauko su da hannunmu. Don haka in ana maganar jini, an zubar ta kowane ɓangare.

Giwa wata 22 take ɗauke da ciki, ta haifi ɗa ɗaya, ta yi shekaru kafin ta sake. Ba akuya ba ce da za a ce a rage garke bana, baɗi ya cika. Kuma ga abin da mutane ba su gane ba: garken giwa tsohuwar mace ce take ja, ita ta san mashaya, ita ta san hanya, ita take tsawatar wa matasa. Mai bindiga a cikin duhu babba yake nufa, wato ita. In ta faɗi, an bar garke marar kai, mai jin haushin mutum. Wadda aka harba da bindigar toka ba ta mutu ba kuwa, ita ce take kashe mace mai itace bayan wata guda.

Wannan ba ya nufin Baban Khalifa ba shi da gaskiya. Yana da ita cikakkiya. Babbar giwa tana cin abin da ya kai kilo 150 a yini, ku lissafa tara a dare ɗaya a gonar mutum ɗaya. Tun 2014 da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shiga aikin kula da dajin tare da gwamnatin jiha an ɗaura wa wasu giwaye na'ura a wuya don a san inda garke yake, an kuma ɗauki mutane a ƙauyuka masu buga waya in sun ga giwa ta fito. Kisan giwa ya ragu ƙwarai. Amma kiyaye giwa daban, cika rumbun wanda ta ci wa gona daban. A nawa ganin, muddin ba a ware wani kaso na kuɗin ƙofa an ajiye domin irin wannan asarar ba, tare da masu duba gona da suka haɗa da dagaci da Sarkin Noma, to kullum manomi zai ga dabbar nan a matsayin abokiyar gaba. Kuma dajin da maƙwabtansa suka tsane shi, ko sojoji aka zuba ba zai tsira ba.

Ɗan Maharba:
Baffa, maganar uwar garke na taɓa jin ta a bakin tsoho, ban musa ba. Amma har yanzu ba a amsa mini ba, kafin a ware kuɗin me mutum zai ci?

Maman Ummi:
Ku maza kuna ta maganar giwa don ita ce babba. Ni kuwa in aka tambaye ni, gwaggon biri ya fi ta cin rai. Giwa takan zo sau ɗaya ko biyu a damina, shi kuwa kullum ne, da rana tsaka. Gyaɗa tun ranar da aka shuka yake bin kunya yana tone irin. Masara ya ɓare wannan ya gatsa ya yar, ya ɓare waccan. Kuma ya san mace, ya san yaro. In namiji ne ya taho da sanda tun daga nesa za su watse, in ni ce sai babban ya zauna ya yi mini hamma ya nuna haƙora. Ƙanwata da take aure a wajen Pali, shanyar garin masara ba ta isa ta bari a tsakar gida ta shiga ɗaki ba. Waɗanda suka je Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke cikin dajin, sun ga yadda suke fizge leda a hannun baƙi su yi ta dariya, mu a gona ba abin dariya ba ne.

Abin da ya fi damuna yara ne. Wa yake gadin biri? Yaro ɗan shekara tara, goma. Lokacin da makaranta take komawa a Satumba, lokacin ne gadi ya fi tsanani. Uba ya kwana yana gadin giwa da gadu, da safe dole ya runtsa, sai a tura yaro. Haka zangon farko yake wucewa, yaron ƙauyen bakin daji yana kan suri yana jifan biri. Wannan asarar ba a auna ta da buhu.

Duk da haka ba zan ɓoye alherin daji ba, don da shi na tashi. Kaɗanyar da muke tsinta da asuba farkon damina, man da muke yi da ita shi ne kuɗin sabulu da na asibiti. Ɗorawa ta ba mu kalwa mu yi daddawa. Kuka, tsamiya, ɗinya, taura, kanya, duk ba wanda ya shuka. In shamuwa ta sauka a bishiyar ƙofar gida, tsofaffi su ce a gyara iri, ruwa ya kusa, kuma ba yaron da ya isa ya jefe ta. Yanzu masu gawayi sun bi kirya da marke, sun fara taɓa kaɗanya mai 'ya'ya. Madobiya kuwa motoci suka kwashe ta muna gani. Tafiyar itacen da nake yi kafin rana ta yi zafi ina yarinya, yau mata sai azahar suke dawowa. To in an cinye dajin da ke waje, ina birin zai nufa in ba gona ba?

Malam na Tsangaya:
Baban Khalifa, Allah ya ba ka haƙuri. Ina tuna maka hadisin Anas da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ta ci daga ciki, face an rubuta masa sadaka. Masararka ba ta tafi a banza ba. Kuma a Suratul An'am, aya ta 38, Allah ya ce dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne irinmu. Don haka kisa don huce haushi ba hanya ba ce. Amma kada a tsaya a nan. Addinin da ya faɗi haka shi ne ya ce a gusar da cuta, ya kuma ɗora wa shugaba nauyin talakansa. Ladan da Allah zai ba manomi bai sauke wa jama'a nauyin taimaka masa ba. Ku maƙwabtansa da giwa ta tsallake gonakinku, zakkar amfanin gonarku ta bana ga inda ta dace.

Baban Khalifa:
Allah ya gafarta Malam, wallahi hadisin nan ya sanyaya mini zuciya, na karanta wa mai ɗakina shi. Na gode kuma da ba ka tsaya a kan haƙuri kaɗai ba. Mun sha kai kuka, ana jajanta mana, amma jaje ba ya shiga tukunya.

Hamma na Hinna:
Na dawo. Mu a nan Yamaltu Deba tamu giwar a ruwa take kwana. Madatsar Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola ta ba mu noman rani, ta ba mu kifi, ta kuma ba mu dorina. Da rana ba ka ganin komai sai kunnuwa da hanci a saman ruwa, sai ta yi wannan kukan mai kama da dariyar ƙato. Da dare ta fito kiwo. Shinkafar da ta fara ɗaukar ciki ita take so, tana aske ta kamar an bi da lauje, hanyar da ta bi kuma ta zama kwata. Mutum ya sayi fetur ya yi ta ban ruwa wata biyu, dare ɗaya ta raba shi da shi.

Abin da muka koya da wahala: kada ka taɓa shiga tsakaninta da ruwa. In ta firgita ruwa take nufa a miƙe, duk abin da ke gabanta ta bi ta kansa, kuma a guje ta fi mutum, kada gajerun ƙafafun su ruɗe ka. Mai ɗa kuwa ko a kwalekwale ka hango ta, ka canza hanya. Masunta sun fi mu sanin wannan, akwai gidajen da aka yi zaman makoki saboda ita. Abin da ya ɗan yi mana aiki shi ne rami. Muka haɗu mu bakwai masu gonaki a jere muka haƙa doguwar kwata mai zurfi ta gefen ruwa, muka tara ƙasar ta cikin gona. Ba ta iya tsallake. Amma aiki ne na gayya, kuma in mutum ɗaya ya ƙi haƙa nasa, ta nan za ta shigo wa kowa.

Sannan in ka tsira daga dorina, ga jan baki. Tsuntsu bai kai tafin hannu ba, amma in suka taso sai ka ce hadari. Nan ma yara ne da gwangwani da igiya tun fitowar rana. Maman Ummi, maganarki ta makaranta kamar a garinmu kika zauna.

Ɗan Ardo:
A yi mini uzuri in sa baki, don in ana maganar daji kowa mu yake kallo. Gaskiya ne akwai masu shigar da shanu cikin gandu, ban musa ba, kuma ba daidai ba ne. Amma ku tambaya me ya kai su. Burtalin da kakana yake bi an nome shi, mashaya an zagaye ta da lambu. Ba wanda yake son kai dukiyarsa inda ƙudan tsando yake, ya dawo da sammore, saniya ta rame ta mutu a tsaye. Dole ce take sawa.

Mu namu kura ce. Zaki sai a shekara ba a ji gurnaninsa ba, an ce ma duk Najeriya daga Yankari sai dajin Kainji suka rage. Kura kuwa tana ɗaukar maraƙi da tunkiya a bakin ruga. Akwai abin da nake roƙon 'yan uwana su bari, ina faɗa a gaban kowa: zuba guba a mushe. Na ga an yi. Kura ɗaya aka nufa, da safe muka tarar da dila biyu, karen makiyayi, da ungulaye zube a ƙasa sun fi goma. Ku duba mahautar garinku, yaushe rabon da ku ga ungulu? Da muna yara ba a ƙirga su. Guba ta ci wasu, masu sayar da kawunansu ga 'yan tsibbu sun ci sauran. Yanzu in dabba ta mutu sai ta yi kwanaki tana wari, karnuka suna ja. Mu shingen ƙaya mai kauri muka koma yi, da wuta, da kare biyu. Tun da muka yi haka ba mu rasa maraƙi ba.

Baffa:
Ɗan Ardo, Allah ya yi maka albarka. Shekaru ina neman wanda zai faɗi wannan daga cikin gida.

Adda, ma'aikaciyar jinya, Gombe ta Kudu:
Ina karanta ku ina tunanin ƙafafunku. Duk mai zuwa gadi da dare da silifa yana wasa da ransa. Kububuwa, wadda ake ce wa gobe-da-nisa, ita ce take cika gadajen asibitin masu saran maciji na Kaltungo, musamman lokacin shuka da lokacin girbi. Ƙarama ce, launinta na ƙasa, tana kwanciya ƙarƙashin dami da tarin kara. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum zai ga kamar ya samu sauƙi, bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya fara fita ta dasashi ko fitsari, wani ya zuba a cikin kai.

Don Allah in ta faru: kada a ɗaure da igiya ko roba, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a tsaya gwada dutse ko jiƙo har dare ya yi. A cire zobe da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a hana mutum tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Akwai allurar EchiTAb da aka yi musamman saboda macizanmu, kuma tana aiki in an zo da wuri. Yawancin waɗanda muke rasawa jinkiri ne ya kashe su. Baban Khalifa, dogon takalmin roba da tocila, kuma gidan sauro a kan dandamalin nan naka.

Mai Zuma, Kirfi:
Ni sana'ata ce ta kawo ni. Giwa tana tsoron ƙudan zuma, wannan tsofaffin masu amya sun sani, ba ta karya reshen da amya take. Fatarta kauri gare ta, amma gefen ido da bayan kunne da cikin hanci ba su da kariya. A Kenya wata mai bincike, Dakta Lucy King, ta mayar da wannan shinge: a kafa turaku, a rataya akwatin zuma kowane mita 10, a haɗa su da waya. Giwa ta taɓa wayar, akwatuna su girgiza, ƙuda ya tashi. A gwajin da suka yi ya kore mafi yawan giwayen da suka tunkari gonakin, ga kuma zuma ta sayarwa.

Ba zan ce babu matsala ba. Akwatin da ba ƙuda a ciki itace ne kawai. Da rani in ba ruwa kusa sai su gudu, dole a ajiye musu a kasko. Dage yana fasa akwati, ɓarawon zuma ma haka. Kuma ba mai zagaye kadada biyar da aljihun manomi ɗaya. Amma ba dole a zagaye duka ba, ai kun san ta inda suke ɓullowa.

Maman Ummi:
Mai Zuma, yaran da ke gadin biri fa? Kada a kori giwa a jawo wa yara harbi. Kuma shanun huɗa in sun zo wucewa?

Mai Zuma:
Hajiya, tambayarki a kan hanya take. Can ƙarshen gona ta gefen daji ake kafawa, nesa da hanya da inda ake ɗaure shanu, kuma a gaya wa kowa. In gonar tana bakin hanyar rafi da mata suke bi, ni kaina ba zan ba da shawara ba.

Baffa:
Kafin zuma ta zauna, ga na gaggawa. A daka busasshen barkono mai zafi, a kwaɓa da kashin giwa ko na shanu, a yi curi a shanya. Da dare a ɗora garwashi a kai ta inda iska za ta kai hayaƙin wajen daji. Wasu suna shafa barkono da baƙin mai a igiya da tsumma su zagaya. Amma kada a dogara da abu ɗaya, giwa tana da wayo, in ta saba da gwangwani ya zama kiɗa. A riƙa sauyawa. Kuma abu mafi muhimmanci, a tare su tun kafin su shiga. In sun ɗanɗana masara, ba ihun da zai fitar da su. Kada a sauko daga bishiya, kada a bi su, kada a saki kare, don in ta koro shi wurinka zai gudo.

Abba:
Baba, na karanta komai. Ban san gadi yana hana yara makaranta ba, ban san ana wata uku a kan bishiya ba. Na yi magana da gaggawa, a yafe mini. Ni kuɗin ƙofa na biya na yi wanka a Wikki na dawo. Muna da ƙungiyar ɗalibai 'yan yankin, zan kai maganar kason diyya da Baffa ya kawo, mu rubuta wa wakilanmu a majalisar jiha. In ba damuwa a turo mini hotunan gonar.

Baban Khalifa:
Ba komai Abba, Allah ya yi maka albarka, hotuna suna tafe in na hau tudu inda sabis yake kamawa.

Ga inda aka kwana. Jiya bayan la'asar mun zauna a ƙofar mai unguwa, mu goma sha ɗaya masu gonaki ta gefen rafi. Mun bi shawarar Hamma, mun daina gadin kowa tasa. Dandamali uku za mu ɗaura a bakin inda suke ɓullowa, mutum uku uku, ana karɓa-karɓa, biyu suna hutawa kowane dare, don a samu mai ƙarfin korar biri da safe yara su tafi makaranta. Mata sun fara dakan barkono, kashin giwa kuwa ga shi nan cike da gonata. Maƙwabcina ya aiko mini da alkawarin buhu biyu in ya girbe, ban san ko maganar Malam ce ta kai masa ba. Ragowar masarar zan karya ta ɗanya a gasa a sayar, in share wurin in jefa wake ko Allah zai sa ya kama raɓa.

Daren jiya sun zo, amma ba su haura rafi ba. Muna jin su suna karya rassa a ƙetare har wajen ƙarfe uku, ƙaramin yana ta kuka, daga baya suka yi gabas. Mai Zuma, ina da tsofaffin amya huɗu na mahaifina a rataye a zaure. In za su yi, gaya mini ranar da za ka shigo kasuwar Alkaleri in zo in same ka. Adda, na aika a sayo takalmin.